Zuwa ga ƙannena sababbin ungozomomi: yadda ake riƙe mace a ɗakin haihuwa

Ƙannena da kuka gama makaranta aka turo ku ɗakunan haihuwa na jihar Tawa, auna buɗewar mahaifa da ɗaure cibiya an riga an koya muku. Abin da zan ƙara muku shi ne yadda mace za ta shigo hannunku ta fita da mutuncinta.

Daga bakin ƙofa ake farawa. Matar da ta iso da tsakar dare daga wani ƙauyen Keita ko Buza, wataƙila ta kwana ta wuni kan gwiwa kafin a yarda a kawo ta. Kada maganarki ta farko ta zama "Sai yanzu?" Yi mata sannu, faɗa mata sunanki, duba karnenta, wato littafin awon ciki, ki kira ta da nata. Idan Tamashek ko Fulatanci kaɗai take ji, nemo mace ta fassara.

Kafin ki sa hannu ki auna ta, ja labule. In babu labule, zanenta ya isa ki rufe mata cinya. Ce mata: "Ɗiyata, zan duba inda ɗan ya kawo, zai ɗan yi zafi, kin yarda?" Ki jira amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018, ta ce awo ɗaya cikin awa huɗu ya wadatar idan naƙuda na tafiya daidai. Don haka ɗalibai ba za su yi layi a kanta kowa ya gwada hannunsa ba. Ɗaya ta isa, ita ma sai da yardar mai jikin.

Ga wurin da na fi so ku tsaya. Mu nan an hore mu kada mu yi raki a naƙuda, balle haihuwar fari. Za ki ga yarinya ƴar shekara goma sha shida ta cusa bakin zane tsakanin haƙoranta, gumi na zuba, ta juya fuska bango, ko uhum ba ta ce ba. Kada shirun nan ya ruɗe ki. In kika ce "Lafiya?" za ta ce "Lafiya lau", don kunya. Durƙusa daidai kunnenta ki tambaye ta ɗaya bayan ɗaya: kanki na sara? Kina gani dishi-dishi? Kin ga jini? Yaushe rabon ɗan da motsi? Ciwon kai da dishin ido, idan jini ya hau, su ne masu gabatar da jijjiga, kuma sau da yawa sai an tambaya ake ji. Wadda kuma ta yi kuwwa, a bar ta ta yi. Maganar nan ta "ranar da kika ɗauki cikin ni na aike ki?" kada ta taɓa fita daga bakinki.

Ki bar ta ta zaɓi mai zama da ita, uwa ko yaya ko aminiya, ba lalle wadda dangin miji suka turo ba. Idan babu alamar hatsari, ta tashi ta zagaya, ta sha ruwa, ta sha kununta. In durƙuso ya fi mata sauƙi, kamar yadda iyayenmu suka haife mu, shimfiɗa mata leda mai tsabta ki karɓi haihuwar a haka.

Lokacin yunƙuri ne hannu ya fi saurin tashi. Wani binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Nijeriya, Gana, Gini da Myanmar, wanda ya fito a 2019, ya gano fiye da mace ɗaya cikin uku ta gamu da cin mutunci wajen haihuwa. Abin ya fi yawa daga minti 30 kafin fitowar ɗa zuwa minti 15 bayanta, kuma ya fi faɗawa kan ƙananan ƴan mata. Na san dalili: kan ɗa ya tsaya, wuta ta ɗauke, kina aiki da fitilar salula, ke kaɗai da mata uku. Tsoro ne ke fitowa da siffar faɗa. Amma mari a cinya maƙe jiki yake sa mace ta yi. Kalle ta ido cikin ido, murya ɗaya kawai ta yi magana a ɗakin: "Yanzu, yi nishi. Madalla. Huta." Kada kowa ya hau cikinta ya danna. Ƙari, wato yankan da ake yi don faɗaɗa hanyar ɗa, ba kowace mai haihuwar fari ake yi wa ba. Idan ya zama dole, faɗa mata, kuma kada ki ɗinke ta ba allurar kashe zafi.

In sai an yi aiki, ko za a tura ta asibitin haihuwa na Tasigi da ke Tawa ko cibiyar kula da uwa da yaro, ita za ki fara yi wa bayani, sannan mijinta. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ayyana aikin fidda ɗa kyauta ne a asibitocinta. Faɗa musu haka da wuri, domin tsoron kuɗi na sa dangi su ja da baya. Duk abin da aka biya, a ba da rasit.

Da ɗa ya faɗo, goge shi ki ɗora a ƙirjin uwarsa, ya kama nono cikin awar farko, ya sha dakashi. Wanka ya jira sai an kwana. Mabiyiya kuwa, tambayi dangi kafin ki taɓa, yawancinsu gida suke kai ta su binne. Idan ɗan bai zo da rai ba, ki zauna ki faɗa mata da kanki, ki tambaye ta ko tana son ganinsa, kuma in da hali a canza mata gado daga cikin masu shayarwa.

Saura abu mai wuya: ranar da za ki ga wadda ta girme ki a aiki ta ɗaga hannu. Kada ki yi mata gardama gaban mai naƙuda. Matso ki ce, "Yaya, kin gaji, bari in karɓe ki." Bayan an sauka lafiya ki same ta ku biyu. Idan abin ya maimaitu, kai maganar ga shugabar ɗakin haihuwa, da rana da lokacin da ya faru.