Shawara kan ƙaramar bindigar ko-ta-kwana

Ƴan uwa mazauna Amurka masu tambayar wace bindiga ta dace a ajiye don ko-ta-kwana, ni dai shawarata ku tsaya kan bindiga mai cin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 LR, harsashinta da araha kuma bata dukan kafaɗa. Cikin irinsu akwai Henry AR-7, ana kwance ta a zura bututun da magazin (gidan harsashi) cikin gindinta, nauyinta wajen kilo 1.6 ne, jakar goyo ma ta ɗauke ta, amma fa tana da tsirfa, in harsashin ba mai ƙarfi bane sai ta riƙa cijewa. Ni kam Ruger 10/22 Takedown na fi yarda da ita, ta ɗan fi nauyi amma kayan gyaranta ko'ina akwai. Ka gwada ta sosai a filin harbi kafin ka ajiye, kuma don Allah a duba dokar jiha, a kulle ta nesa da yara.