In ciwo ya kama ka a tsakiyar teku: shirin tun daga Katsina ake yin shi

Mu dai mutanen Katsina ruwan da muka sani bai wuce dam ɗin Ajiwa ba, sai Zobe ko Jibiya in an je yawon sallah, shi ya sa ranar da na ce ma Hajiyarmu za mu kwana bakwai a kan teku sai da ta dube ni ta ce kai wa ya aike ka. Na ce mata ai Sarki Dikko ma tun 1921 ta jirgin ruwa ya yi tafiyarshi ta hajji, ta ce shi ai ibada ta kai shi. Yanzu kam 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sun gano wannan yawon shaƙatawa na jirgin ruwa da ake ce ma kurus, jirgi ne kamar unguwa guda, da ɗakunan kwana da wurin cin abinci da shaguna, ya kwana yana tafiya ya wayi gari a wata ƙasa. Akwai masu tashi daga Dubai lokacin sanyi su zaga Abu Dhabi da Doha da Maskat, akwai na Bahar Rum daga Basalona ko Jenowa, ga kuma Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, shi ba giya ba caca. Duk hotunan da ake sa wa a status na abinci ne da faɗuwar rana, ba wanda ke nuna ma ɗakin likita, ni kuwa can na kwana a dare na huɗu.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne asibitin jirgi ba asibitin koyarwa ba ne. Kilinik ne a ƙasa-ƙasan jirgi, da likita ɗaya ko biyu da nas-nas, suna da oksijin da na'urar duba zuciya da ta farfaɗo da ita, suna ɗaukar hoton ƙashi, suna gwajin jini na gaggawa, suna ƙarin ruwa suna ɗinki. Amma ba sikanin ƙwaƙwalwa, ba babbar tiyata, ba wankin ƙoda, kuma yawanci ba sa ajiye jini. Aikinsu su riƙe ka da rai har a kai ka tudu. Kuma ba kyauta ba ne, wannan ne ke ba mutane mamaki don an saba a jirgi ka ci ka sha ba a tambaye ka ko sisi ba, to ɗakin likita ba ya cikin tikiti, ganin likita kuɗi, allura kuɗi, ledar ruwa kuɗi, in kuma dare ne ko shi ya taso ya same ka a ɗaki kuɗin ya ƙaru, duk a kan katin ɗakinka za su rubuta da dala ko yuro.

To shiri daga gida. Kafin ka biya ejan ko kobo, ɗauki duk wanda za ka tafi da shi mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ko sikila ka kai shi wurin likitan da ya saba gani, ko a asibitin koyarwa na tarayya ne ko Janar ko na kuɗi, ka faɗa mishi gaskiya cewa kwana kaza za a yi a ruwa. Ka roƙe shi ya rubuta maka takarda da Turanci mai hatimi, ciwon da ke akwai, magungunan da ake sha da ainihin sunansu irin su amlodipine ko metformin ba sunan kamfani ba, da nawa ake sha, da maganin da jiki ba ya karɓa, da rukunin jini da jinotayif. "Ƙwaya fara ƙarama ta safe" ba bayani ba ne a wurin likitan da bai taɓa jin sunan Ƙofar Ƙaura ba. Ka ɗauki hoton takardar a waya, ka tura ma wani a gida. Mai ciki kuma a lissafa da kyau, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta zai kai sati 24 kafin a gama tafiyar, jariri ma da yawansu sai ya kai wata 6. Katin rigakafin shawara wato yalo kad, a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi, tun 2016 guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Magani a bar shi cikin kwalinshi na asali, kar a juye a leda ko a kwalbar man shafawa irin yadda tsofaffinmu ke yi, a ƙara na sati guda a kan kwanakin tafiya, kuma a jakar hannu, don babban akwati in ka miƙa shi a tasha sai ya yi awoyi kafin ya iso ɗaki. Mai insulin ya sanar da jirgi tun da wuri, ɗan firijin ɗaki ba kullum yake sanyin da ake so ba. Sai a yi hattara da tramadol da duk abin da ke da kodin, a Daular Larabawa suna cikin magungunan da ba a shiga da su sai da takardar likita da izini, mutum na iya tafiya hutu ya ƙare a hannun hukuma. Garin magani da jiƙo da sassaƙe ni dai shawarata a bar su gida, in kuma ana sha a faɗa ma likita, ba abin kunya ba ne.

Inshora, nan ne mutanenmu ke yin ganganci. Ta NHIA, wato inshorar lafiya ta ƙasa, ko ta ma'aikatan jiha ba ta tsallaka boda. Ita kuma wadda ejan ke haɗa maka don neman biza, yawanci mafi arha ya ɗauko don dai takardu su cika, ta Shengen, wato bizar ƙasashen Turai, ma ƙa'idarta yuro 30,000 ne mafi ƙaranci, ka ji kamar da yawa, amma jirgin sama na ɗaukar mara lafiya shi kaɗai yana cin dubun-dubatar daloli. Ka zamna ka karanta, ko ka sa ɗanka mai Turanci ya karanta, ka tabbata ta ambaci tafiyar jirgin ruwa, ta ambaci kwashe mara lafiya daga jirgi da maido shi gida, kuma ta karɓi ciwon da mutum ke da shi tun da. Kar ka ɓoye hawan jinin Baba don kuɗin ya ragu, ranar biya shi za su fara bincika su ce ba ka faɗa ba. Kuma Allah ya kiyaye, in rai ya yi halinshi, manyan jiragen suna da wurin ajiye gawa har a kai tasha, mu da muka saba a yi sutura kafin la'asar sai ka ga takardu sun ɗauki kwanaki, to ka duba inshorar ta haɗa da wannan ma. Ka riƙe katin banki na dala mai kuɗi a ciki, don sau da yawa kai za ka fara biya sannan ka nemi a maido maka.

Ranar da kuka shiga za a yi atisayen ceto kafin jirgi ya tashi, dole ne, an ƙara tsaurara shi bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a 2012 mutum 32 suka rasu. Daga nan kar ka wuce wurin abinci, sauka ka ga inda kilinik yake da lokutan buɗewa, ka duba lambar gaggawa a jikin wayar ɗakinku ka koya ma kowa har yara. Wayarka kuma sa ta a yanayin jirgin sama, layin da ke kamawa a tsakiyar teku na tauraron ɗan adam ne, zai cinye maka kati cikin minti kaɗan, gara ka sayi wayifai ɗin jirgi ka yi ta WhatsApp.

Jiri da tashin zuciya ba wani abu ba ne, nemi ɗaki a tsakiyar jirgi ƙasa-ƙasa, fita ka kalli inda sama ta haɗu da ruwa, tauna citta, ko Stugeron ko Avomine in likitanka ya yarda, sai dai suna sa barci. Wanda ya fi yawo a jirgi shi ne amai da gudawa na ƙwayar noro, sanitaiza ba ta cika kashe ta ba, sabulu da ruwa ne, mu da ke ci da hannu sai mu ninka. In ya kama ka ka kira su, za su ce ka zamna ɗaki har kwana ɗaya ko biyu bayan ya tsaya, ka bi, ka riƙa shan ORS, wato ruwan gishiri da suga, da ka taho da shi.

Yanzu ga wanda ya same mu. Ni ne ɗan fari, Hajiya ko sunana ba ta faɗa balle ta ce min jikinta ba daɗi. Tun kwana na biyu ashe take jin sanyi-sanyi, ta ce ma matata iyakwandishan ne, kar ki faɗa mishi ya kashe kuɗi ya kawo mu. Na lura ta bar cin abinci sai shayi, na tambaya ta ce gajiya ce. Dare na huɗu wajen ƙarfe biyu matata ta buga min ƙofa, na shiga na tarar da ita cikin bargo biyu da zanen sallah a kai haƙoranta na haɗuwa, tana kiran sunan ƙanwarta da ta rasu shekara da shekaru. Na ɗaga wayar ɗaki na faɗi lambar ɗakin da abin da na gani, ba a yi minti goma ba nas ta iso da keken mara lafiya. Likitan ya fara maganar mura da ciwon sanyin ƙirji, abin da ya saba gani ke nan, sai na ce mishi daga arewacin Najeriya muke, kwana tara da barin gida, a duba maleriya. Ya ɗago ya dube ni, ya sa aka ɗebi jini. Ita ce, ga suga ya hau don kwana biyu ba ta ci ba ta kuma bar shan maganin suganta.

Wannan ka riƙe shi da kyau, sauron Katsina na iya cizonka ka hau jirgi lafiya lau, zazzaɓin ya fito bayan sati ɗaya har zuwa wata guda, kuma likitan da ke duba Turawa kullum ba lallai tunaninshi ya je can ba, kai za ka faɗa. Ka taho da maganin maleriya irin su Coartem daga gida amma ka bari a gwada tukuna. Mai sikila shi ma ya faɗa da bakinshi tun ranar farko, ya yi ta shan ruwa, ya guji sanyin ɗaki da ruwan wanka mai sanyi. Akwai kuma abubuwan da ba a jira gari ya waye, ciwon ƙirji mai danna mutum da zufa, baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, numfashi ya gagara, mutum ya rikice. Shanyewar ɓarin jiki maganin narkar da gudan jinin awa huɗu da rabi ne iyakarshi, kuma sai an yi sikanin da jirgi ba shi da shi, to ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara, shi za a fara tambayarka. Tofi da addu'a a yi, amma hannu ɗaya na kan waya.

Maganar jirgi mai saukar ungulu kuma a rage kallon fim. Ba kai ke kiran shi ba, likita ne zai ba kyaftin shawara, kyaftin ya yi magana da masu tsaron gaɓar ƙasar da ke kusa, a duba nisa da iska da dare, kuma in ya zo ma yawanci da igiya ake janye mara lafiya shi kaɗai, ba ɗa ba mata. Abin da aka fi yi shi ne jirgi ya ƙara gudu ko ya karkata zuwa tasha mafi kusa. Mu an riƙe Hajiya da ƙarin ruwa da allura har asuba, muna isa Maskat motar asibiti na jira. Likita in ya ce a sauka an sauka, ba roƙo ba don Allah don Annabi, kuma kuɗin sauran kwanakin ba ya dawowa sai dai ta inshora.

In haka ta faru ku raba aiki. Mutum ɗaya ya bi mara lafiya da fasfo biyu da takardar likitan gida da katin banki da caja, in fasfo na hannun jirgi a je teburin baƙi a karɓo. Ka nemi lambar wakilin jirgi na wannan tashar, tana cikin takardar shirye-shiryen da suke kawowa ɗaki kullum, shi ya san hanyar shige da fice da otal. Ka kira lambar inshora tun kana cikin jirgi su buɗe maka fayil su ba ka lamba, kar ka bari sai ka dawo. Kar ka sauka ba tare da rahoton likitan jirgi da rasit mai bayanin komai ɗaya bayan ɗaya ba, haka a asibitin tudu, har takardar da ke cewa mara lafiya ya isa hawa jirgin sama, wani kamfanin ba zai ɗauke ku ba sai da ita. Matata da yara suka ci gaba da jirgi zuwa Dubai da akwatuna, ni da Hajiya muka yi kwana ukku, na kwana kan kujera da takalmi a ƙafa.

Rasit sama da goma ne na haɗa a ambulan, kuɗin ya dawo bayan 'yan watanni da tura saƙo ba adadi, banda na tasi da ban karɓi takarda ba. Hajiya kuwa da muka sauka Kano muka kama hanyar gida, muna wuce Bichi ta ce ma matata ki faɗa mishi in zai sake kai ni wani wuri ya kai ni Daura in ga Kusugu, ita rijiya ce ana tsaye a ƙasa ake leƙa ta.