Alli da safe, kalangu da dare

Shekara 14 ke nan ina koyarwa a wata firamare a nan Garwa ta Kamaru, kalangu kuwa ina ɗan shekara 9 Baffa ya rataya mini shi. Samarin makaɗa da suka samu aiki sukan tambaye ni, "Malam, yaya kake haɗa su?" Ga yadda nake yi.

Ka fara raba kwanakin mako, kuma kada ka ji kunyar kowa a kai. Ranar Laraba ana tashi makaranta da rana tsaka, to yammacinta na gwajin kiɗa ne da yaran da muke kiɗa tare. Biki sai daren Juma'a da Asabar. Lahadi kuwa, in ba cikin gari ba ne, ba ni zuwa. Da wuya na koyi wannan. Na taɓa karɓar biki a Gidar, kusan kilomita 100 daga nan, na dawo da asubar Litinin. Ina tsaye gaban allo barci ya ɗauke ni, alli ya faɗi. Wata yarinya a layin gaba ta ɗauko ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Malam, ba ka da lafiya ne?" Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu.

Shugaban wurin aikinka ya ji daga bakinka cewa kana kiɗa, kafin ya gan ka a WhatsApp ana yi maka liƙi.

Sai kuɗi. Albashi na gida ne, liƙi na kalangu: fata, tsirkiya, kuɗin mota, sallamar yara. Kada ka gauraya su, don da azumi ba biki, wata guda cur. Abin da ka tara lokacin da kuɗin auduga suka shigo hannun manoma, shi zai riƙe yaranka har Sallah. Mai biki ya turo kafin alƙalami ta Orange Money, sannan ka rubuta ranarsa. Ko jaka biyar ce.

Ni daga Mayu ba na karɓar komai sai an gama jarrabawar CEP, wato ta kammala firamare, a Yuni. Ƙanena nake turawa, kuma tun farko nake gaya wa mai biki ba ni zan zo ba.

Zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, kada ka bar kalangu ƙarƙashin rufin kwano ka tafi aiki, fatar za ta tsage. Ƙurar alli kuma tana busar da yatsu, sai ka riƙa shafa man kaɗanya kafin ka kama tsirkiya.