Darasi na 9: Kitsen kifin il, guzurin tafiyar da ba a dawowa

A kogunan Turai da gaɓar Arewacin Afirka, kamar Maroko da Masar, akwai wani kifi dogo mai santsi kamar maciji. Turawan Ingila suna ce masa il. Wanda ya san gaiwa zai iya kwatanta siffarsa, ko da yake ba danginta ba ne. Yau kitsensa za mu duba, domin shi ke nuna inda kifin ya zauna da matakin da ya kai a rayuwa.

Ana ƙyanƙyashe shi a tekun Sargaso, can yammacin tekun Atilantika. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johannes Schmidt, ya yi shekaru yana bin sawun 'ya'yan kifin a jirgin ruwa kafin ya bayyana haka a 1922. Ɗan kifin yana fitowa falle kamar ganye, igiyar ruwa ta yi ta janyo shi har gaɓar Turai, tafiyar fiye da kilomita 5,000. Yana isowa bai wuce tsawon yatsa ba, garau kamar gilashi, ba wani kitsen kirki a jikinsa.

Daga nan sai ya shiga kogi ko tafki, cikinsa ya koma ruwan ɗorawa. Aikinsa ci kawai: tana, ƙwarin ruwa, katantanwa, ƙananan kifaye. Yakan yi shekara 5 zuwa 20 a haka, kitse na taruwa sannu a hankali.

Idan lokacin komawa ya yi, sai jikin ya sāke. Ciki ya yi fari kamar azurfa, idanu su ƙara girma, hanji ya motse. Daga ranar ya bar cin abinci ke nan har mutuwarsa. Da kitsen da ya tara zai yi iyo wata da watanni zuwa inda aka ƙyanƙyashe shi, da shi kuma macen za ta yi ƙwai. A wannan mataki kitse yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa. Ku tuna mai tafiya fatauci a da: guzurin da ya ƙulla a gida, shi zai kai shi. Kifin da ya tashi da rama da wuya ya ga Sargaso.

Shekaru ke kawo yawan kitse, amma irinsa daga abinci yake. Wanda ya zauna a ruwan gishiri ko bakin kogi yakan fi samun kitsen da likitoci ke kira omega 3, mai amfani ga zuciya, domin asalinsa daga ƙananan tsirran teku ne. Na ruwan daɗi kuwa wani irin kitsen, omega 6, yakan fi yawa a jikinsa. Na kiwo kuwa, abin da aka zuba masa shi ke fitowa a kitsensa, kuma yakan fi na daji maiƙo. Mai bandar kifi ta san wannan ba sai ta je makaranta ba: ta ɗora tarwaɗar kiwo a kan waya, mai yana ɗiga cikin garwashi yana ƙara, ta kogi kuwa ta bushe ƙayau.

Kitse yana da wata illa. Gubar masana'antu da ke kwarara cikin kogi a cikin kitsen take maƙalewa, kuma kifin da ya yi shekaru a laka ya fi kowa kwasarta. Don haka wajen sayen kifi mai maiƙo, tambayar ruwan da aka kamo shi ba ƙauyanci ba ne.

Shi il ɗin Turai yanzu ya yi ƙaranci ƙwarai. 'Ya'yan da ke isowa gaɓa sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun shekarun 1980, har Tarayyar Turai ta hana fitar da shi waje a 2010.

Aikin gida: kifi mai nauyin giram 800 yana da kitse kashi 25 cikin 100. Giram nawa ne kitsen? Sannan ku je wurin mai sayar da kifi a kasuwarku, ku tambaye shi wane wata ne tarwaɗar kogi ta fi ƙiba, ku rubuta amsarsa cikin jimla biyu ku kawo aji.