Yadda ake shirya wa gwajin ƙarin bel a wasan jiu jitsu, daga fari zuwa shuɗi

A kokawar gargajiya, da zarar an kai mutum ƙasa an gama wasa. A jiu jitsu irin na ƙasar Barazil kuwa, nan ne wasan yake farawa: danniya, zamewa, shaƙa da murɗe gaɓa, har sai ɗaya ya buga hannu alamar ya sallama. Bel ɗin da ɗan wasa yake ɗaurawa a kan rigarsa shi ke nuna inda ya kai. Ga manya launuka biyar ne a jere: fari, shuɗi, shunayya, ruwan ƙasa, sai baƙi. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 suna da nasu jerin daban, ruwan toka, rawaya, ruwan lemo da kore.

Kafin komai, san ƙa'idar da makarantarka take bi. Hukumar IBJJF, wato hukumar jiu jitsu irin na Barazil ta ƙasa da ƙasa, wadda yawancin manyan gasa suke bin dokokinta, ba ta yarda a ɗaura wa mutum shuɗi sai ya kai shekara 16, ruwan ƙasa sai 18, baƙi sai 19. Ta kuma sa mafi ƙarancin zaman da za a yi a kowane mataki: shekara 2 a shuɗi, shekara ɗaya da rabi a shunayya, shekara 1 a ruwan ƙasa. Daga fari zuwa shuɗi yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu ga mai zuwa horo sau uku a mako, baƙi kuma wajen shekara goma. Akan samu irin BJ Penn na Hawai da ya kai baƙi cikin kusan shekara uku, ya kuma ci gasar duniya a 2000, amma ba da irinsa ake awo ba.

Makarantu sun kasu wajen ba da bel. Wasu malamai ba sa yin gwaji ko kaɗan. Suna kallonka kullum a kan tabarma, suna liƙa maka farin tef a baƙin ɓangaren da ke bakin bel ɗinka, ɗaya bayan ɗaya har huɗu, ran da suka gamsu su kira ka gaban jama'a su ɗaura maka sabo. Wasu kuma suna da rubutacciyar manhaja da ranar gwaji, kamar tsarin Gracie Combatives mai dabaru 36. Je ka tambayi malaminka wane tsari ake bi, da abin da yake son gani a wasanka wanda bai gani ba tukuna. Kada dai ka tambaye shi yaushe zai ba ka bel. A al'adar wannan wasa ana ɗaukar wannan rashin ladabi, kuma sau da yawa ƙara maka jira yake yi.

Abin da aka fi dubawa ga mai neman shuɗi shi ne iya fita daga mummunan wuri. A nan ya kamata ka zuba mafi yawan lokacinka na wata biyu ko uku kafin gwaji.

Ɗauki misalin an hau ruwan cikinka. Fitar farko ita ce wadda 'yan Barazil suke kira upa. Ka kama hannu ɗaya na wanda ya hau ka, ka manne shi a ƙirjinka da hannuwanka biyu, ka sa ƙafarka ka tare ƙafarsa ta wannan gefen, ka jawo diddigenka kusa da mazauni, sannan ka ɗaga ƙugu sama da ƙarfi ka juya ta kan kafaɗar gefen da ka tare. Kurakurai uku ke ɓata ta. Na farko, a kama hannun dama a tare ƙafar hagu, sai ya dafa ƙasa da abin da aka bar masa ya zauna daram. Na biyu, a mirgina gefe ba tare da ɗaga ƙugu ba, nauyinsa bai taɓa tashi daga kanka ba ke nan. Na uku shi ne mafi tsada: tura ƙirjinsa da miƙaƙƙen hannu. Duk hannun da ka miƙe sama kyauta ka ba shi, zai zagaya ya kwanta da shi ya murɗe gwiwar hannun. Fita ta biyu da gwiwar hannu ake yin ta: ka miƙe ƙafa ɗaya ƙasa, ka karkata a gefenka, ka tokare gwiwar ƙafarsa da gwiwar hannunka, ka zame ƙugu baya ka zaro ƙafarka. Mai gwaji yana so ya ga kana haɗa biyun. Ya ware ƙafa don kare upa, ka zame. Ya matse don hana zamewa, ka juya shi.

Haka za ka bi danniyar gefe da kamun baya. A danniyar gefe, damtse ɗaya a ƙugunsa, ɗaya a ƙarƙashin wuyansa, kada ka yarda ya kwantar da kafaɗunka biyu ƙasa. In an kama ka ta baya, wuya ake fara karewa da hannu biyu kafin a yi tunanin ƙafafu.

A ɓangaren kai hari ba a buƙatar dabaru da yawa, tsabta ake nema. Daga ƙasa, kana riƙe da shi tsakanin ƙafafunka, ka iya murɗin hannu, shaƙar ƙafafu mai kusurwa uku, shaƙar wuyan riga, da juyi biyu da za su mai da kai sama. A murɗin hannu, babban yatsansa ya kalli sama, gwiwoyinka a matse. In suka buɗe sai ya zare hannun kamar an shafa masa mai. A shaƙar kusurwa uku, hannunsa ɗaya ciki ɗaya waje, ka karkata jikinka, bayan gwiwarka ya sauka a kan idon sawunka. Wanda ya maƙala a kan yatsun ƙafa kansa yake ji wa ciwo. In kai ne a bayansa, kada ka harɗe ƙafafunka a gabansa: alƙalin gasa ba zai ba ka maki ba, shi kuma zai iya danne su ya murɗe maka idon sawu. Ƙara da hanya biyu ta wuce ƙafafunsa da kayarwa ɗaya ko biyu daga tsaye.

Yadda za ka sa su zauna a jiki: maimaita kowace dabara sau goma dama, sau goma hagu, abokin horo ba ya turjiya. Daga nan ya turje rabi-rabi. Sai ku sa agogo minti biyu, ka fara a ƙarƙashi, kana fita ku koma farko. Wannan mataki na uku shi ake yawan tsallakewa, shi ya sa za ka ga mutum ya haddace dabara tsaf, amma ana matsa masa sai ta ɓace.

Koyi lissafin maki ma, don akan tambaya: kayarwa 2, juyi daga ƙasa 2, ɗora gwiwa a kan cikin abokin karawa 2, wuce ƙafafu 3, hawa ruwan ciki 4, kamun baya 4, kowanne sai an riƙe shi daƙiƙa 3. Karawar manya masu farin bel minti 5 ce, ta masu shuɗi 6. In da hali shiga gasa ko da sau ɗaya, domin tana nuna wa malami yadda kake in zuciya ta buga.

Makon gwaji rage nauyin horo, kada ka ɗauko sabuwar dabara daga intanet. Yanke farce hannu da ƙafa, wanke riga da bel. In ka ga wani zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi a fatarka, makero ne mai yiwuwa; gaya wa malami a ɗage maka, don yana yaɗuwa a tabarma. Ci abinci mara nauyi awa biyu zuwa uku kafin lokaci.

Gwajin yakan fara da nuna dabaru. Yi su a hankali, kowane riƙo ya fito fili. In ka manta ɗaya, faɗi gaskiya ka nemi a sake ba ka dama a ƙarshe. Sannan karawa, kuma a wasu makarantu kai kaɗai za a bari a tsakiya ana sako maka sabon mutum duk bayan minti ɗaya ko biyu. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a kan mutum na farko, na huɗu zai same shi kamar tsumma. Yi numfashi ta hanci in ka samu wuri, ajiye gwiwoyin hannunka a jikin haƙarƙari, huta lokacin da kake sama. An kama ka da kyau, buga hannu da wuri ku ci gaba. Malamai ba sa kayar da mutum don ya sallama wa wanda ya fi shi, amma suna lura da wanda yake fisgar gaɓar ƙaramin abokin horo don ya burge.

Wasu wurare suna da al'adar a jera a tsula wa sabon mai bel bulala da bel a baya. Ba ta cikin dokar IBJJF, makarantu da yawa sun daina, kuma kana da damar cewa ba ka so. In ba ka haye ba, nemi malami ya faɗa maka wuraren da suka gaza ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta su, ka fara karawar kowace rana daga waɗannan wuraren har zuwa gwaji na gaba.