Yadda Ake Buga Golf a Filin Hamada

Ƙanina da ke aiki a Kakuri ne ya same ni a gida bayan sallar isha'i, ya ce ofis zai tura shi kwas Dubai na mako uku. "Yaya," in ji shi, "an ce akwai filayen golf a can da kowa zai biya kuɗi ya shiga, ba sai ɗan kulob ba. Da ɗan abin da na iya a nan Kaduna, zan kai labari?" Na ce masa zai kai, muddin ya ajiye abin da damina ta koya masa ya ɗauko na rani. Abin da na gaya masa a daren nan shi ne na zauna na rubuta, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Kaduna dai ba hamada ba ce. Amma duk wanda ya taɓa buga wasa a nan tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta koma kalar ƙasa, ƙasar kuma ta yi tauri kamar daɓe, ya riga ya yi rabin karatun. A busasshiyar ƙasa ƙwallo ba ta tsayawa inda ta faɗi, gudu take yi. Duk sauran bayanin a kan wannan yake tafiya.

Mataki na ɗaya: san irin filin da za ka

Filin hamada iri biyu ne. Akwai wanda aka shuka ciyawa tsibiri-tsibiri a tsakiyar yashi da duwatsu, ana ba ta ruwa da famfo. Emirates Golf Club na Dubai, wanda aka buɗe a 1988, shi ne filin ciyawa na farko a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A jihar Arizona ta Amurka irinsu sun yi yawa, kuma dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa da jihar ta kafa a 1980 tana cikin dalilan da suka sa ba a malala ciyawa ko'ina: ruwan da aka yarda fili ya sha ƙayyadadde ne. TPC Scottsdale, inda ake gasar Phoenix Open, kowa na iya biya ya buga, haka ma Papago da ke cikin birnin Phoenix, wanda na hukumar birni ne.

Iri na biyu babu ciyawa sam. Awali na Bahrain da filin garin Coober Pedy na Ostireliya haka suke. Ɗan guntun ciyawar roba za ka riƙa yawo da shi, in ƙwallonka ta tsaya a kan hanya ka ɗora ta a kai ka buga. Wurin ramin kuma yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddale, 'yan wasa na ce masa birawn, saɓanin girin mai ciyawa. Dattawanmu ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin tsofaffin filayen Arewa da irinsa suka fara.

Mataki na biyu: kama lokaci

Filin jama'a ba a faɗa masa kai tsaye kamar kasuwar Barci. Ta intanet ko ta waya ake kama lokacin farawa, kuma in kai kaɗai ne za a haɗa ka da wasu mutum biyu ko uku da ba ka sani ba. Nemi lokacin farko-farko. Ramuka 18 na cin awa huɗu zuwa huɗu da rabi, don haka wanda ya yi asuba ya kama hanya ya fara da ƙarfe shida da rabi zai gama kafin rana ta take, ya samu azahar a natse. A bazara kuɗin shiga kan sauka ƙwarai a Arizona da Dubai, amma ba don kirki ba ne, zafin yakan haura digiri 40. Ka isa da minti 40 a hannu. Riga mai kwala ake so, ban da jins, ban da silifas.

In da azumi a bakinka, shawarata ka haƙura, ko ka buga ramuka tara da yamma liƙis ka sha ruwa a can.

Mataki na uku: jaka

Doka ta yarda da sanda 14, ba ƙari. A cikinsu ka ware guda ɗaya tsohuwa, wadda ba za ka yi kukan ta ba, ƙarfe mai lamba takwas ko tara. Ita ce sandar tsakuwa. Ni sai da na kankare ƙasan sabuwar sanda ta, wadda ko wata biyu ba ta yi a hannuna ba, kafin na yarda da wannan. Bugu ɗaya ne a kan burji, na ji ƙara kamar an sari dutse da fartanya, na ɗaga na ga tabo har biyu.

Ƙwallaye kuma ka ɗebo masu araha, dozin guda. Masu tsadar ka bar su a gida. Sai hula mai faɗi, tabarau, man kare fata daga rana, tawul ɗaya jiƙaƙƙe, da ɗan ƙaramin matsefi. Matsefin na cire ƙaya ne. Yadda ƙarangiya ke liƙe wa ƙafar wando a nan, a Arizona akwai wata ƙaya mai suna cholla da ke ɓallewa gaɓa guda ta manne a jiki, in ka sa yatsa za ka cire ta sai ta kama yatsan. Da matsefi ake zare ta.

Mataki na huɗu: bugun farko

A nan yawancinmu muke faɗuwa, kuma girman kai ne. Kowane rami na da wuraren farawa uku zuwa biyar, an bambanta su da launi, na baya ya fi nisa. A filin hamada tsakanin inda ka tsaya da inda ciyawa ta fara babu komai sai yashi da ƙaya, dole ƙwallo ta tsallake shi a sama. Saboda haka tambayar ba ita ce yadi nawa ka taɓa bugawa ranar da ka yi sa'a ba. Yadi nawa ƙwallonka ke yi a iska kafin ta taɓa ƙasa, a bugu na yau da kullum? In 170 ne, kuma tsallaken 190 ne daga baya, matsa gaba. Babu wanda zai yi maka dariya, waɗanda ke bayanka ma godiya za su yi.

Sannan babbar sandar nan da ake kira direba, ba kowane rami ne nata ba. Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi, ƙwallo na ɗan ƙara nisa a cikinta, ƙasa kuma ta ƙara mata gudu. Bugun da zai tsaya a gefen hanya da damina, a nan sai ya yi tsalle biyu ya shige daji. Rana ta farko da na buga irin wannan fili ƙwallo shida na zubar kafin rami na tara, duk da direba. Wani dattijon kadi, wato mai ɗaukar jaka, da ya gaji da kallona ya miƙo mini ƙarfe mai lamba biyar ya ce, "Alhaji, gwada wannan. Ramin ba gudu zai yi ba." Na ce, "Baba, ai nisan zai ragu." Ya ce, "Wanda kake yi yanzu ai nisa ne zuwa daji." Daga nan har muka tashi ƙwallo ɗaya ta ƙara ɓata.

In ka buga kana shakkar za a ga ƙwallon, faɗa wa abokan wasa za ka buga ta wucin-gadi, ka buga wata nan take. Sai ka faɗa da baki kafin ka buga, in ba haka ba ta biyun ce ta zama ƙwallonka, da tarar bugu ɗaya a kai.

Mataki na biyar: in ƙwallo ta bar ciyawa

Za ta bari, ko waye kai. Minti uku doka ta ba ka na nema tun gyaran da aka yi a 2019, da can biyar ne. Kana nema, sanda ce gaba, hannu a baya. Kada ka zura hannu ƙarƙashin kurmi ko dutse. Mu da muka san kububuwa da kunama ba sai an yi mana dogon wa'azi ba. A Arizona macijinsu mai ƙararrawa a wutsiya ne. In ƙwallo ta kwanta kusa da maciji, doka ta yarda ka ɗauki wata ka jefa a wuri mafi kusa da babu haɗari, ba tara.

Ka same ta a fili? To, duba wane irin yashi ne. Ramin yashin da aka gina da gangan, wanda ake ce wa banka, za ka ga an ajiye manjagara a gefensa. A cikinsa ba a jingina sanda a yashi a bayan ƙwallo kafin bugu, wanda ya yi ya ci tarar bugu biyu. Yashin Allah da ke gefen hanya kuwa kamar kowace ƙasa yake, jingina sandarka, gwada lilo yadda kake so. Tsakuwa da busassun itace za ka iya kawar da su, amma in ƙwallo ta motsa garin haka, tarar bugu ɗaya ce kuma ka mayar da ita. Yashin kansa ba a share shi.

Ga yadda ake bugun. Ɗauko tsohuwar sandar nan. Riƙe ta ƙasa kaɗan da inda ka saba. Ƙwallo ta kasance ɗan baya da tsakiyar ƙafafunka, nauyinka a ƙafar gaba, hannuwa gaba da ƙwallo. Lilo kashi uku cikin huɗu, kuma ƙwallo za ka fara taɓawa kafin ƙasa. Wannan ya saɓa wa bugun banka, inda ake dukan yashi a bayan ƙwallo don ya ɗago ta. A ƙasa mai tauri in ka yi haka sandar za ta yi tsalle ta daki cikin ƙwallon, ta tafi kamar harsashi ta wuce girin. Kuma ka nufi ciyawa mafi kusa, ko da gefe ne, ko da baya ne. Na sha ganin mutum yana neman ratsa ƙwallo tsakanin itatuwa biyu, bugu ɗaya ya zama huɗu.

In ta shige ƙaya yadda babu dabara, ce ba ta buguwa, ka karɓi tarar bugu ɗaya. Zaɓi uku ne: ka koma inda ka bugo ta, ko ka ja da baya a kan layin da ya haɗa rami da inda take, ko ka jefa ta cikin tsawon sanda biyu ba tare da ka matso rami ba. Daga tsayin gwiwa ake sakin ta. Wasu filayen na da dokar gida da ke sauƙaƙa wannan, tana rubuce a bayan katin maki, karanta kafin ka fara.

Mataki na shida: shiga girin

Kada ka nufi tutar da ke kafe a rami. Sauke ƙwallo yadi 10 ko 15 kafin girin ka bar ta ta gangara, in dai babu banka a gaba. Daga kusa kuma, ƙasa-ƙasa ta fi sama-sama: ƙarfe mai lamba bakwai, ɗan taɓi kamar kana sharar ƙofar ɗaki. Ko daga yadi 20 a wajen girin, in ƙasar sumul ce, ɗauki fota, wato sandar da ake mirgina ƙwallo da ita zuwa rami, ka mirgino ta. Ba ta da kyan gani, amma mugun bugun fota ya fi mugun bugun sama sauƙin gyara.

Ciyawar filayen zafi yawanci 'yar gidan ƙiri-ƙirin nan ce tamu, kuma tana kwanciya gefe guda. In ka tsaya bayan ƙwallo ka ga ciyawar na ƙyalli, ta kwanta ne tana bin hanyarka, ƙwallo za ta yi sauri. In ka ga ta yi duhu, tana fuskantarka, ƙara ƙarfi. Ramin faɗinsa milimita 108 ne a ko'ina a duniya, har a kan birawn. A birawn akwai abin share yashi da ake ja daga ƙwallo zuwa rami kafin a buga, ƙwallo ba ta cika karkata ba, sai dai tana son a buge ta da ƙwari. Takalmi mai ƙusa ba ya hawa kai. In kun gama, a share sawu saboda na baya.

Mataki na bakwai, wanda a gaskiya tun rami na ɗaya yake farawa: ruwa

Busasshiyar iska na shanye gumi kafin ka gan shi, kamar yadda hunturu ke yi mana, sai mutum ya ɗauka bai yi zufa ba. Kurɓi ruwa a kowane rami, da ƙishi ko babu. A haɗa da ɗan abin da ke da gishiri, gyaɗa ko ruwan gishiri da sukari, da dabino ko ayaba a rami na tara. Ciwon kai, jiri, tsukewar nama a ƙafa, ko ka ga ka kasa lissafa bugunka na ramin da ka gama yanzu, duk alamu ne. Shiga inuwa, jiƙa wuya, ka bar wasan. Wanda ya fara sambatu ko jikinsa ya yi zafi rau, wannan maganar asibiti ce, a kira ofishin fili nan take. Nemi lambarsu tun kafin ka fara.

Kada kuma ka riƙe layi. Daƙiƙa 40 aka so bugu ya ɗauka, kuma a filin jama'a akwai ma'aikaci da ke zagayawa a ƙaramar mota yana duba masu jan ƙafa. In ka kai bugu takwas ko tara a rami ɗaya, ɗauki ƙwallonka ka bi abokai.

Ƙanin nawa na ce masa kafin ya tafi ya je filin Kaduna Golf Club sau uku da ƙarfe mai lamba biyar, da mai lamba takwas, da fota kawai, ya bar direba a but. Ya yi biyu. A na ukun ya ce hannunsa ƙaiƙayi yake yi, ya ɗauko ta a rami na huɗu.