Yadda Za Ka Tantance Fim ɗin Lafiya Kafin Ka Yarda ko Ka Ƙi

Fim ɗin Super Size Me na 2004 ya nuna mai shirya shi, Morgan Spurlock, yana cin abincin McDonald's (gidan sayar da abincin gaggawa na Amurka) kaɗai har kwana 30. Ya ƙara kilo 11, hantarsa ta taɓu. A 2017 sai ya bayyana cewa ya daɗe yana shan giya, abin da bai faɗa a fim ɗin ba, kuma giya kanta tana lalata hanta.

To, in irin wannan bidiyon ya shigo wayarka a Katsina, fara tambaya: mutum nawa aka gwada? Mutum ɗaya ba bincike ba ne. Sannan nawa ya ci? Spurlock kusan kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) 5,000 yake ci kullum, ninki biyu na bukatar babban mutum. Ko tuwo ka ci haka, za ka yi teɓa.

Daga nan ka ajiye mai fim gefe, ka nemi hujjar da ba ta dogara da shi ba. A wani bincike da aka wallafa a 2019, an kwantar da mutum 20 a cibiyar binciken lafiya ta Amurka. Da aka ba su abincin masana'anta, sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 kullum a kan abin da suka ci lokacin da aka ba su abincin da ba na masana'anta ba. Ƙaryar mutum ɗaya ba ta goge wannan.

Sai ka auna naka cin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙule da ƙullin indomin mai shayi. Sukari kuwa kada ya wuce giram 50, kuma babbar robar lemo ɗaya tare da shawarma kan cinye wannan kason.